Ɗan takarar da ya ce a ajina ya yi karatu

Yau Juma'a. Tari ya lafa, amma ƙafafu sun ƙi.

Shekaranjiya wani ɗan takarar majalisa ya yi sallama a zaurena nan Gangara. Aƙidarsa ita ce gwamnati ta cire hannunta daga gona da kasuwa. Ya ce da ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, ya ajiye aikin ya koma fataucin wake. So yake in shaida wa jama'a cewa ni na koyar da shi.

Na ce, "Wane ne kai, ɗana?"

Ya miƙe, ya harɗe hannuwa a ƙirji kamar 'yan lakol na da, 'yan makarantar boko masu kiran malami Mushe. "Haba Mushe, Idi ne na bakin taga."

Idi na bakin taga sanƙarau ya ɗauke shi yana aji uku. Da hannuna na sa shi a kabari.

Ko ƙarya yake, ko hankalina ne ya fara gushewa, ban san wanda na fi tsoro ba. Wanda ya san mutumin nan, don Allah ya faɗa mini.

Ya ce yau zai dawo jin amsata. Tun hantsi na shimfiɗa tabarma. Ga la'asar ta wuce, bai zo ba.