Mai Jan Waƙa Har Mu Iso

Ran Lahadi, a bikin tunawa da kafa cocinmu na Metodis a unguwar Ogui, a ƙasar Ibo, wata yarinya mai tsaron ƙofa ta tare ni da hannu. "Mama, an fara addu'a, sai ki jira a waje." Ni fa, da na ɗauko yashin ginin nan a ka.

Ina tsaye cikin rana sai Baba ya faɗo mini a rai, kafintan da ya fara tara mu masu jin Hausa a rumfarsa don yin addu'a. A kan katako muke zama, garin zarto yana manne mana a zane. Mu mata ba ma isowa da wuri, sai mun sauke tukunya. Bai taɓa yi mana faɗa ba. Waƙar buɗewa yake ta maimaitawa da muryar nan tasa mai kaushi, idonsa a hanya, har ta ƙarshenmu ta shigo.

Wata rana na iso da goyo ina haki, na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya ce, "Zauna, 'yata. Allah bai ƙosa ba, ni dai maƙogwarona ya bushe."

Yanzu coci ya zama bene, sujada kuma duk da Turanci da Ibo. Ta lasifika na ji ana jera sunayen waɗanda suka ba da siminti, babu nasa.

Ubangiji ya hutar da shi. Mu da muka rage, ya sa ranar da za a shigo da gawarmu a samu mai yi mana waƙa ko ɗaya da Hausa.