Injin Wanke-wanken Alhaji da Fantekar Inna

Tun da Inna ta tashi daga ciwon da ya kwantar da ita, ba ta ƙara cin abinci ita kaɗai ba. In aka ajiye mata kwano a ɗaki aka fita, haka za a dawo a tarar da shi, tuwo ya sandare, miya ta kwanta. Amma in aka zuba a tsohuwar fantekarta, babban kwanon nan da ta zo da shi daga Lausu, ni da ita da jikokinta mata muka kewaye shi a tsakar gida, sai ta ci. Tana faɗa kada wata ta sa hannu a gaban wata, tana tura wa ƙaramarsu tsokar nama, a haka ita ma loma ke wucewa ba ta sani ba. Likita ya faɗa mana jikinta ba zai ɗauki wata ramar ba. Shi ya sa na bar wa matar ɗana ɗakina da tumakina a Fammar, na dawo Rano gidan ƙanena, ba don komai ba sai don in ga ta ci.

Ƙanen nawa motoci gare shi, masu kwasar kaya daga kasuwannin nan zuwa Kano. Allah ya buɗa masa, ya rushe gida ya sake, tayil har bango, sola a kan rufi, ga burtsatse da tanki. Ban yi masa baƙin ciki ba. Sai dai Alhaji ba ya sayen abu don yana bukata, sai don wani ya riga shi. Wani abokinsa na tasha ya sa injin wanke kwanuka a gidansa, ya nuna wa 'yan tasha a waya, shi ke nan hankalin Alhaji ya tashi.

"Yaya, gobe ki shirya, Kano za mu," in ji shi. "Inji za mu ɗauko, mai wanke-wanke."

"Wa ya ce maka ya gaji da wanke-wanke?"

"Sai an gaji? Zamani ne, Yaya. Ke komai sai kin sa masa tsoro."

Matarsa tana jego, shi ya sa tafiyar ta faɗo kaina. Gaskiya ne kuma, tsoro na ji. Na yi ta tunanin yadda za a haɗa ruwa da wutar lantarki a akwati ɗaya a gidan da yara ke yawo ba takalmi. Da na ji an ce ruwa ɗaya yake ta juyawa a ciki, sai na je na tambayi Malam na islamiyya ko kwanon ya tsarkaka. Ya ce ragowar tuwo ba najasa ba ce, in rage wasiwasi. Na dawo da wata damuwar: ƙanzo da ruwan ɗaurayar farko da muke ba dabbobi, yanzu kwata za ta shanye? Daga ƙarshe wadda ta fi su duka ta zo mini, wato ko fantekar Inna za ta shiga cikinsa. Da safe na wanke ta, na naɗe da tsohon zane, na tura a jakar bakko.

"Mene ne wannan kuma?" Alhaji ya tambaya da zan shiga mota.

"Kayana ne."

Har muka wuce Bunkure yana waya, duk wanda ya kira sai ya faɗa masa abin da za mu sayo, ko ba a tambaye shi ba.

Kantin babba ne, sanyi kamar ɗakin ajiye kifi. Wani saurayi mai sayarwa ya tare mu da "ranka ya daɗe". Ya fara nuna mana wani ƙarami da ake ɗorawa kan tebur, da wani siriri. Alhaji ko kallonsu bai yi ba.

"Malam, ka dube ni da kyau. Babba nake so, na gida sosai."

Manyan guda biyu ne a jere, tsayinsu ɗaya, kowanne ya kai mini ƙugu. Ɗaya fari, ba ado. Ɗaya ruwan azurfa, yana walƙiya, maɓallansa a ɓoye a saman murfi, in ya gama aiki kuma wai yana ƙara yana haska wuta a ƙasa. Saurayin ya dafa shi ya ce wannan na mutum goma sha huɗu ne.

Nan idon Alhaji ya buɗe. Ya fara lissafi da yatsu, shi, matarsa, Inna, ni, yara, har da jaririyar da ko suna ba a daɗe da yi mata ba.

"Lodi ya cika!" ya ce yana dariya. "Ko gyara babu."

Haka ya ɗauki abin, kamar bas yake saye, ana ƙirga kujeru. Mutumin da tun tasowarsa bai taɓa ganin an zuba abinci kwano goma sha huɗu a gidanmu ba. Na maza a kai zaure, na mata a tsakar gida, na yara maza daban. Na ce wa saurayin, "Ɗana, su mutum goma sha huɗun nan, a cikin me suke ci?"

Ya jawo ragar ƙasa, duk ƙarafa a tsaitsaye kamar haƙoran mataji. Ya ce a nan ake jera faranti, kowa da nasa, sama kuma kofuna, can ƙoli ga wata 'yar aljihu ta cokula. Ya ƙara da cewa ba a sa ƙwarya, ba a sa akushi ko muciya, tukunyar dalma kuma baƙi take yi. Sannan kafin a sa faranti sai an kankare ragowar abinci.

"To me ya rage masa ya wanke?" na ce.

"Yaya!" in ji Alhaji.

Ban kula shi ba. Na durƙusa na buɗe bakkon, na kwance zanen. Da fantekar ta fito, da furanninta da suka koɗe da tabon da ke gindinta, fuskar Alhaji ta canza kamar na tuɓe masa hula a kasuwa. Ya waiga ya ga ko akwai wanda ya san shi.

"Haba Yaya, don Allah. A nan? Kin ga irin mutanen da ke shigowa kuwa?"

"Mutanen nan su za su ba Inna abinci?"

Saurayin, Allah ya yi masa albarka, bai yi dariya ba, ko da yake na ga bakinsa na rawa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya gwada a na azurfar, ta hau kan ƙarafan ta yi tsayi, ƙarfen da ke juyawa yana fesa ruwa ya doki gindinta ya tsaya. Ya karkata ta, ta tokare ragar sama. Sai ya buɗe farin, ya kwantar da ƙarafan, don nasa suna kwanciya, ya ɗaga ragar sama kaɗan, ya kifa ta. Ta zauna daram, har da sauran wuri.

"Ranka ya daɗe, in irin waɗannan ne kayan gidanku, farin zai fi muku," ya ce.

Na ji sanyi a raina. Na ɗauka magana ta ƙare.

"Fari?" in ji Alhaji. "Kamar firjin mai sayar da ƙanƙara? Na abokina ma fari ne. In sha wahala har Kano in koma da irin nasa?" Ya buga saman na azurfar da tafin hannu kamar yadda yake buga bodin mota. "Wannan za a ɗaure. Kwano shi zai bi inji, Yaya. Kin taɓa ganin an sake mota don kaya ba su shiga ba? Kayan ake sakewa."

Kafin mu fita ya sa aka haɗa masa kwalaye na farantan tangaran, da kofuna, da cokula har da masu yatsu. Duk hanyar dawowa fantekar na kan cinyata.

Mai gyaran famfo ya zo daga Kano ya haɗa shi. Aka yi ta shigowa kallo, matan unguwa, matan direbobi, har da na Rurum da suka zo barka. Alhaji da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba, sai ga shi ya zama ɗan kicin, yana danna maɓalli yana cewa a yi shiru a ji ƙararsa. Da yake kicin ɗin ya zama wurin baƙi, ya ce tsofaffin kwanuka suna ɓata masa tsari. Aka kwashe su, har da fantekar Inna, aka kulle a sito, ya jefa makullin a aljihu. Daga ranar kowa da farantinsa. Tukwane kuwa da muciya da ƙwarya, mu dai muke wanke su a bakin famfo kamar da, sai dai yanzu a bayan gida, inda baƙo ba zai gani ba.

Aka kai wa Inna nata, malmala ɗaya a tsakiyar farin faranti, miyar kuka na gangarewa ta baki, ga cokali a gefe. Ta dube shi ta dube ni.

"Na wace magen ne wannan?"

"Naki ne, Inna."

"Na ƙoshi."

Na ɗauko nawa na zauna kusa da ita. Na kira yaran, amma kowacce ta riga ta ɗauki nata ta nufi gaban talabijin. Na gwada sa hannu a farantinta, hannu biyu ma ba ya ɗauka, miya ta zube a tabarma. Ta gutsuri kaɗan don kada in ji haushi, ta ture. Washegari haka, jibi haka. Koko kawai take kurɓa. Na fara lura da awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu in ta ɗaga shi. Ni da ma ba a rasa ni da fargaba, amma wannan karon abin da nake tsoro a gabana yake, ina kallonsa.

Na tare Alhaji zai fita. "Ba ni makullin sito. Fantekar kawai nake so. Ni zan wanke ta da hannuna, injinka ba zai ma gan ta ba."

"Ba maganar wanki ba ce, Yaya, tsari ne. Yau in na buɗe miki, gobe duk kwanukan sun dawo, me na yi ke nan? Ai ko 'yan asibiti cewa suke kowa da kwanonsa ya fi lafiya."

"Uwarka ba ta cin abinci."

"Za ta saba. Kowa ma ya saba. Ke ce kike zuga ta da wannan fuskar taki ta jaje." Ya duba agogo ya wuce.

Ashe Inna na jin mu daga ɗaki. Da na shiga ta riga ta jawo akwatinta.

"Ki kai ni Fammar."

Uwa ta bar gidan ɗa namiji mai hali ta koma ɗakin 'ya mace a ƙauye, ai magana ce da za ta zaga Rano da Kibiya. Na ji tsoron kada in zama silar raba ɗa da uwa, na ji tsoron hanya, na ji tsoron nisan asibiti. Na ba ta haƙuri. Ta ce ita ba fushi take ba, yunwa take ji.

Da aka faɗa wa Alhaji dariya ya yi. "Inna, can fa ko wutar kirki babu. Ki bari zafin nan ya wuce." Ya hana direba fito da mota, a zatonsa shi ke nan mun zauna. Sai muka hau a-daidaita-sahu zuwa tasha. Tashar da kowa ya san Inna uwar wa ce. Direbobi suka taso suna durƙusawa, wannan ya karɓi akwati, wancan ya share kujerar gaba.

"Hajiya, lafiya? Motocin Alhajin duk sun lalace ne?"

"Ƙalau suke," in ji Inna. "Aiki ya yi masa yawa a kicin."

A Fammar matar ɗana ta tuƙa tuwon dawa, ta zuba a wani kwanon da ko murfi ba shi da shi. Jikokina da 'ya'yan maƙwabta suka zauna, aka fara rigimar wa ya ja nama gabansa. Inna ta tsawatar, ta raba, hannunta na ciki. Ni kasa ci na yi, ina ta kallon bakinta.

Tana nan wurina har yanzu, ta ciko, har tana zagawa bayan gida duba tumaki. An ce a tasha Alhaji na faɗa wa mutane ta tafi shan iska ne. Yana aiko da shinkafa da mai, yana kuma kira kusan kullum, yawanci lokacin cin abinci, don bai taɓa sanin lokacin da mata ke ci ba.

"Yaya, ta ci?"

"Tana ci."

"To ba ni ita, in ji yaushe za ta dawo. Mutane sun dame ni da tambaya."

Na miƙa mata wayar. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ce masa hannuna duk miya ne, ya kira an jima."