Kujerar da Ba a Magana a Kanta

Da shara Kawu yake fara yini. Ya goge talabijin ɗin da ake buga gem ɗin ƙwallo, ya warware wayoyin da samari suka cukurkuɗe jiya, yana mita shi kaɗai. Daga nan sai ya zagaya lungun da ke bayan ginshiƙi, ya hure ƙurar wata tsohuwar kwamfuta, ya gyara zaman kujerar katakon da ke gefenta. Shekara da shekaru haka yake yi. A ƙarshen watan nan zai miƙa makulli, domin idanu sun fara yi masa gardama.

Wani zai ce mene ne abin yabo a wurin mai gidan gem. To, abin yabon yana cikin lungun nan. Kawu bai taɓa sa wasan manyan kamfanoni a wannan kwamfuta ba. Ya ware ta ne don masu ƙirƙirar wasa su kaɗai a ɗakunansu, irin wasannin da ake kallo a ce mai su ya sami taɓi. Akwai wanda ake bugawa ido a rufe, kunne ne jagora. Akwai wanda mutum biyu suke tuƙa mutum ɗaya, kowa da ƙafarsa, har wasu aminai suka yi kwana biyu ba sa gaisawa a kansa.

Doka ɗaya ce a lungun. Wanda ya haɗa wasan zai zauna a kujerar, ya kalli baƙo yana buga abin da ya ƙirƙira, kuma ba zai ce uffan ba. Wanda ya yi ƙorafi, Kawu yakan ce masa, "Ɗana, ran da wasanka ya faɗa hannun wani a wata uwa duniya, bin sa za ka yi kana bayani?"

Mai askin da ke maƙwabtaka da shi shaida ne. Ya ce ya ga wani ɗalibi yana cizon hularsa a kujerar, saboda kowa ya kasa gane inda ƙofar fita take a wasansa. Ya tashi idonsa jajir. Kawu bai ba shi haƙuri ba, ruwa ya miƙa masa, ya ce, "Yanzu ka san aikinka." Da ɗalibin ya dawo da gyara, layi aka yi.

Kai ne, Kawu, ka gane cewa mai sabon abu ba tafi yake bukata ba, wurin da zai ga gaskiya yake bukata. Kai ne ka jure surutun masu cewa kana ɓata fili.

Babban mai wannan surutu kuwa ɗan ƙanwar Kawu ne, wanda zai gaji shagon. Manaja ake ce masa tun kafin a ba shi komai ya riƙe. Ya riga ya auna lungun, ya ga talabijin ɗin ƙwallo zai shiga daram. Abin ya hana Kawu sukuni, don ya san in lungun ya tafi, masu ƙirƙirar nan ba su da wata ƙofa.

Ana cikin haka wata nas da ke aiki a ɗakin jarirai ta kawo wasan da ta haɗa a ranakun hutunta. Jariri ne a allo yana tsala kuka, aikinka ka sa shi barci. Sirrin shi ne ba a danna komai. Hannun gem ɗin, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, shi za ka rungume ka riƙa jijjigawa a hankali. Ta nuna wa Kawu wannan da safe, kafin mutane su zo.

Manaja ya shigo da rana, idonsa duk barci, don matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba.

"Kawu, mu yi ta ta ƙare," in ji shi. "Ni zan buga da kaina. In na gane kansa, lungu ya zauna. In ban gane ba, gobe kafinta zai zo."

Nas ta zauna a kujerar. Manaja ya hau danne-danne kamar mai neman cin ƙwallo a mintin ƙarshe, jariri kuwa sai ƙara ƙwala ihu yake. Samari suka taru suna dariya. Nas ta buɗe baki, Kawu ya ɗaga mata yatsa.

"Kawu, kalma ɗaya fa," ta ce da raɗa.

"'Yata, zauna."

Allah ya sani, shi ma kalmar tana kan harshensa. Zuciyarsa tana ce masa doka tasa ce, shago nasa ne, wa zai tuhume shi? Amma ya tuna duk waɗanda ya hana magana a kujerar nan, sai ya haɗe hannuwa a baya.

Manaja ya yi tsaki, ya daina dannawa, ya jingina da bango don gajiya, hannun gem ɗin yana ƙirjinsa. Kukan bai tsaya ba. Can sai jikinsa ya fara yin abin da ya saba yi a gida in kuka ya ishe shi, yana ɗan rausayawa hagu da dama, shi kansa bai sani ba. Kukan ya sassauta. Manaja ya zaro ido, ya ci gaba, har da ɗan bubbuga bayan robar.

Kawu ba ya ganin allon sosai. Ya matso, ya ce, "Ya yi barcin?"

"A hankali mana, Kawu," in ji Manaja ƙasa-ƙasa. "Yanzu ya fara lumshe ido."

Nas ta rufe fuska da mayafinta. Kawu ya juya yana gyara wayar da ba ta bukatar gyara.

Mun gode, Kawu, uban masu gwaji. Allah ya saka maka, ya sa hutun ya karɓe ka. Mu kuma da muke da shago, ko aji, ko ɗan fili a gida, mu ware lungu don mai abin da ba a saba gani ba, mu ba shi dama ya faɗi ya tashi a gabanmu.

Kafinta dai ya zo washegari, amma bai taɓa lungun ba. Manaja ya sa shi ya matsar da talabijin ɗin ƙwallon can bakin ƙofa, wai hayaniyar samari tana tayar masa da yaro.