Likkafanin da Inna Ta Yanka da Hannunta

Jiya a kasuwar Sabon Gari wata mai atamfa ta buɗe akwati, ƙamshin kafur ya buge ni, sai na tuna kakata Inna.

Iyayenta daga ƙasar Yarabawa suka zo Fagge, ita kuwa a kan sayar da yadi ta tsufa. In ta murza ƙyalle da yatsu takan ce, "Zanen da ya gaji ba ya riƙe faci." Likkafaninta ma ita ta yanka, ta adana cikin kafur.

Da ƙodarta ta gaza, muka shiga jigilar kai ta wankin ƙoda asibiti. Wata safiya ina ɗaura mata ɗankwali, adaidaita na jira a ƙofa, ta kama hannuna. Tafinta sanyi ƙalau.

"'Yar nan, ban ce a ba ni guba ba, ina tsoron Allah. Ku dai bar ni a kan tabarmata. Na gaji da injin nan."

Na kai maganar wurin Kawu, babban ɗanta. Ya ce, "So kike a ce mun zuba ido uwarmu ta mutu?"

Aka ɗauke ta cak zuwa asibiti. Tun ranar ba ta ƙara roƙon kowa komai ba, ko ruwa. A gadon asibiti ta cika, fuskarta na kallon bango, hannayenta duk hujin allura. Likkafanin nan kaɗai aka bar ta ta zaɓa.

Allah Ya sa kabari ya zame mata hutun da muka hana ta. Mu kuma, in tamu ta zo, ban san wa zai saurare mu ba.