Ranar da Uwa Ta Rusuna wa 'Yarta

Shekarar wasannin Olamfik biza ta yi tsauri a Guangzhou ta ƙasar Sin, mu 'yan kasuwa kowannenmu hankalinsa na filin jirgi. Wandunan jins ɗina ba su kammala a garin Xintang ba, kwantena na jira a tashar jirgin ruwa ta Huangpu, amma matar da ke ɗinka min kayan ta ce yau ba aiki, za ta je ganin 'yarta. Na ce wallahi ƙafata ƙafarta, a hanyar dawowa mu wuce shago.

A mota ta ba ni labari da guntun Turancinta. 'Yar ke nan tilo gare ta. Ta gama jami'a, ta aske kanta ƙwal, ta shiga gidan ibadar 'yan Buddha, inda ba aure, ba komawa gida har mutuwa. Yanzu zaman ya fara yi mata nauyi, tana ta kiran waya tana kuka.

Na ce, “To laoban,” yadda ake kiran mai kamfani a can, “me kike jira? Ki ɗauko abarki mana!”

Ta ci gaba da tuƙinta. Haushi ya ƙara kama ni.

Da muka isa na tsaya daga bakin ƙofa, hayaƙin turarensu yana sa ni tari. Sai ga yarinyar ta fito cikin doguwar riga ruwan toka, duk ta rame. Tana hango uwar ta taho da sauri tana cewa “Mama”. Ita kuwa matar ta ja baya, ta haɗa tafukanta, ta rusuna wa 'yar da ta haifa. Ta kira ta da “shifu”, sunan girmamawa da suke kiran malaman wurin da shi. Ta miƙa mata safa mai kauri da maganin ciki da hannu biyu, kamar mai kai gaisuwa.

Yarinyar ta tsaya cak. Ta share ido da hannun riga, ta karɓa, ta juya ciki.

Ni da nake tsaye na ji kamar in mare su duka biyun. Mu ma muna da kara, uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Amma rusunawa? Muna shiga mota na sauke mata kwandon masifa, rabi Hausa rabi Turanci. Na ce wace irin uwa ce ke, zuciyarki dutse ce?

Ba ta tayar da motar ba. Ta kifa kai a sitiyari tana kuka har kafaɗunta na rawa.

“Madam, ni ce na fi kowa ƙin tafiyarta,” in ji ta. “Ranar da aka aske ta, ta roƙe ni, in ta karaya kada in taya ta. In na ce mata 'yata sau ɗaya, yau a gidana za ta kwana.”

Na miƙa mata hankicina. Ta ce ɗakin yarinyar kullum sai ta share shi.