Tafiyata Kalgo Ɗauko Kaset ɗin Gayyar Baba

Gwandu, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ina sallame sallar asuba na ɗauki mayafi da waya na fito, ko koko ban tsaya sha ba. Duk wanda ya san ni, Kulu, ya san ba ni da yawo, cefane ma aike nake yi. Amma ranar Talatar nan babu wanda zan aika.

Baba ne ba lafiya. Kwana huɗu ke nan da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce a kai shi gida a yi ta addu'a. Ba ya ci, ba ya hira, abu guda kawai yake maimaitawa: a sa masa kaset ɗin gayya. Kaset ne da aka ɗauka a gonarsa ta Dalijan tun ina yarinya, ranar da ya kira gayya makaɗan noma suka zo. Rediyon gidanmu ya tauna shi tuntuni, sai dai kafin nan ƙanena Bashiru, da ke koyarwa a Kalgo, ya juye shi cikin kwamfutarsa. Da ya zo Sallah ya sa mini wata manhajar jin waƙoƙi a waya, ya ce ga shi nan ciki. To, sunayen suna nan, amma sun dushe, in ka taɓa shiru. Na kira shi, ya ce, "Adda, saukewa ce ban yi miki ba. Sai wayarki da kwamfutata sun zauna kan waifai ɗaya." Ya gwada turowa ta saƙo har sau uku, sabis ya ƙi ɗauka. Shi kuwa yana kwance da ɗorin ƙafa, babur ya kayar da shi. Na bar ƙanwata Asabe wurin Baba, na nufi tasha.

Hanyar Birnin Kebbi

Mota ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, ga buhunan albasa a but har murfin bai rufu ba. Na tambayi direba nisan hanya, ya ce kilomita hamsin ne ko kusa da haka.

"Ɗan nan, don Allah ka taka, ina da marar lafiya."

"Hajiya, marar lafiya a baya kika baro shi ko gaba za ki same shi?"

"A baya."

"To mi kike gudu zuwa nema? Magani?"

Na ce e, don ban ga yadda zan yi masa bayani ba.

Ƙarfe bakwai da rabi muka tarar da layi a shingen jami'an tsaro, motoci sun kai goma. Da aka zo kanmu aka ce a buɗe but, aka zazzage buhu ɗaya aka duba. Aikinsu suke yi, amma ni kowane minti ƙirga shi nake. Na zaro waya na duba ko Asabe ta kira. Ba ta kira ba. Ban san ko in ji daɗi ko in ji tsoro ba.

Mun shiga Birnin Kebbi takwas da rabi. Na hau keke napep zuwa inda ake lodin Kalgo, na sayi ƙosai na ɗari biyu, na riƙe shi a leda har ya huce ban ci ba.

Kalgo, tara da kwata

Tsakanin nan babu nisa, minti ashirin muka yi. Rabi, matar Bashiru, ta tare ni a zaure tana ta sannu da hanya. Na tarar da shi a falo kan katifa, ƙafa miƙe cikin karare, kwamfuta a cinya.

"Adda Kulu a mota. Yau za a yi ruwa."

"Kai dai da ka san ba ka iya babur ba ai da ka bar wa masu shi. Ga waya."

Ya yi dariya, sannan ya tambayi jikin Baba. Da na gaya masa, dariyar ta tafi. Ya ce tun jiya babu wuta, cajin kwamfutar saura kaɗan, mu yi sauri. Rabi ta buɗe waifai na wayarta, ya haɗa kwamfutar da tawa a kai, ya danna wata 'yar kibiya. Sunayen nan da suka dushe suka fara yin haske ɗaya bayan ɗaya, guda bakwai. Kafin goma saura kwata an gama.

Har na yafa mayafi, sai ya ce in kashe data in kunna, a tabbatar abin ya zauna cikin wayar. Na kunna. Ganga ta tashi, ga taken Baba, ga muryar makaɗi yana kiran sunan gonar. Waƙa ta huɗu na ƙarewa ta biyar ta shigo nan take, tsaf, ko numfashi babu tsakani. Na zauna.

"Bashiru, ina guɗar Inna?"

"Wace guɗa?"

Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma kaset ɗin nan na haddace shi har tarin da wani ya yi a ciki. Bayan waƙa ta huɗu makaɗa suna ajiye ganga, a ji galma tana faɗuwa ƙasa, a ji hayaniya, sai marigayiya mahaifiyarmu ta rangaɗa guɗa ta kira mutane shan fura. Babu hotonta mai motsi, babu muryarta a ko'ina a duniya sai nan.

Bashiru ya sunkuyar da kai. Ya ce shi da ya juye kaset ɗin sai ya ga manhaja waƙa-waƙa take jerawa, kowace da sunanta, don haka ya yayyanka shi, ya zubar da surutun da ke tsakani don abin ya yi kyau.

"Surutu," na ce. "Kai kana tsammani Baba bai san takensa ba ne har sai an kunna masa?"

"Adda, wallahi ban san muryarta ba ce. Shekarata nawa ta rasu?"

Gaskiya ne, ko yaye shi ba a yi ba.

Na tambaye shi ko wanda ba a yanka ba yana nan. Ya ce bai sani ba, shekara uku ke nan. Ya shiga buɗe wurare, ya rufe, ya buɗe. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, Asabe ce. Ta ce Baba ya buɗe ido sau ɗaya ya tambaya ko na dawo, kuma numfashinsa ya canza, yana ja da ƙarfi. Na ce ta riƙa shafa masa ruwa a leɓe, ga ni nan.

A kwandon sharar kwamfuta ya same su, abubuwa uku masu tsawo, babu suna sai lamba. Ya ce caji ba zai kai a sauke duka ba, in zaɓi ɗaya. Ya kunna na farko, ya tsallaka tsakiya, na ce wannan wa'azi ne. Na biyu ganga ce, amma na ce a'a, wannan bayan kaset ne, da yamma aka ɗauka, ka ji muryar makaɗin ta dishe. Na uku ya taɓa tsakiya, na ji ƙarar ƙwarya ta bugu da ƙwarya.

"Tsaya. Wanga ne."

Ya maido shi, ya jefa cikin jerin waƙoƙin, ya danna kibiya. Abin nan ya fara juyawa a hankali, a hankali. Kwamfuta ta yi gargaɗin caji. Rabi ta tsaya riƙe da wayarta da hannu biyu kamar mai riƙe da jariri. Sha ɗaya da minti goma kibiyar ta zama koriya. Ba a yi minti uku ba kwamfutar ta mutu.

Muka kashe data muka kunna daidai wurin. Bashiru ya ji guɗar, ya ji muryar, ya juya fuskarsa bango. Na dafa kansa na fito.

Komawa

Wayata ma caji ya ja baya, na kashe ta gaba ɗaya na ƙulle a bakin zane. Ke nan ko wani abu ya faru a gida ba zan ji ba sai na isa. Na san da haka na kashe.

A Birnin Kebbi motar Gwandu saura mutum biyu, muka zauna daga sha biyu da rabi har aka kira azahar. Na yi salla a gefen rumfar wata mai abinci, ta ba ni ruwa da tabarma. Biyu saura kwata muka tashi. A shinge wannan karon hannu kawai aka ɗaga mana. Wata tsohuwa kusa da ni tana ta ba ni labarin jikokinta, ni da ba a raba ni da hira, ranar ko kalma goma ban mayar mata ba.

Gwandu, uku da rabi

Na sauka daga babur a bakin lungunmu, idona a ƙofar gida. Babu tabarmi, babu taron maza. Na yi hamdala na shige.

Baba yana kwance yadda na bar shi, ido rufe. Na kunna waya na ajiye kusa da kunnensa, tun daga farko, ban tsallake komai ba. Takensa ya zo ya wuce, bai motsa ba. Asabe ta dube ni. Ganga ta tsaya, galma ta faɗi, guɗa ta tashi, sai muryar Inna: "Ku zo ku sha tun ba ta yi tsami ba. Mai gona, kai ma aje galmar nan, gonar ba gudu za ta yi ba."

Baba ya buɗe ido. Ya ce, "Mai da shi baya."

Na mayar. Sau huɗu ina mayarwa. A na ƙarshe ya ce, da wata 'yar murya, "Ranar nan da cikin Bashiru gare ta. Na hana ta ɗaukar ƙwarya, ta ƙi."

Baba ya ƙara kwana shida tare da mu, kullum da hantsi sai an sa masa wurin nan. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni a kan lokaci. Na gode wa Rabi da wayarta, da Asabe da ta yi zaman jinya, da mai abincin da ban san sunanta ba. Bashiru kuwa na gaya masa abin da Baba ya ce, ya ce in ƙafarsa ta warke zai zo in nuna masa sauran muryoyin da ke ciki, wa da wa ne. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya haɗa su a Aljanna.