Baba Tela da Lambar da Bai Faɗa Ba

Matso da kujerarka kusa, ajiye wayar nan tukuna, ka ji abin da ya sami Baba Tela na layin ƙasan kasuwa.

Tun yana saurayi yake taka keke, kuma a hannu ba a raina shi. Wuyan rigar da zai zana yau, wata mai zuwa za ka gan shi a jikin rabin gari. Matsalar ita ce rabin garin ba a wurinsa suke ɗinkawa ba. Katako ɗaya ne ya raba shagonsa da na wani tela da ake kira Dogo, mutum mai fara'a da saurin gaisuwa, wanda idonsa ba ya wuce zane sai ya haɗiye shi.

Da abin ya ishe shi, babbar 'yarsa ta kawo masa kwamfuta. Ta ɗauki hoton zane-zanensa kaf ta zuba a ciki, shi kuwa ya tattara takardun ya cinna musu ashana a bayan shago yana murmushi. Sannan ta nuna masa inda zai sa lambar sirri, ta ce ya zaɓi wadda ba ranar haihuwarsa ba, ba kuma ƙarshen lambar wayarsa ba. Akwai wata doguwar kalmar sirri ma da aka buɗe masa asusun kwamfutar da ita. Ta nemi ta riƙe masa, ya hana, wai ai ya san tana shiri da matar Dogo.

To, ka san tela da lamba. Duk rayuwarsa bai taɓa ɗora tef a kafaɗar mutum bai faɗi awon da ƙarfi ba. Haka kansa yake riƙe abu: sai baki ya faɗa, kunne ya ji. Saboda haka kullum da safe zai buɗe kwamfuta, ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa ɗaya kamar mai shirin kashe sauro, yana dannawa yana shela: "Bakwai! Biyu! Tara! Huɗu!" Har mai sayar da zare a tsallaken layi ta haddace, idan ya yi jinkiri ita ke ƙarasa masa.

Kuma duk da wannan tsaro, idan zai fita cin abinci, wa zai ce wa ya duba masa shago? Dogo mana. Maƙwabci ai maƙwabci ne.

Ranar da ya ga sabon zanensa, wanda ko almakashi bai sa masa ba, rataye a ƙofar Dogo, sai da ya zauna. Ya kira 'yar yana faɗa, wai ta sayo masa kwamfuta mai tsegumi. Ta saurare shi har ya gaji, sannan ta ce, "Baba, kwamfutar ba ta da baki. Kai ne kake da shi."

Maganar ta shige shi. Ya rufe ƙofa, ya cusa tef ɗin awo a baki ya cije, ya canza lambar shiru, gumi na keto masa. Ya tashi yana jin kansa kamar wanda ya ci yaƙi.

Washegari ya ɗaga yatsa, yatsa ya tsaya a sama. Lambar da baki bai faɗa ba, kai bai ajiye ba. Ya gwada awon ƙugunsa, ya gwada na wuyan surukinsa, har kwamfutar ta ce ya dakata. Ya kai ta wurin mai gyara, shi kuma ya tambayi doguwar kalmar nan. Ita ma ta bi iska. Mai gyaran ya ce to, zai iya buɗewa, amma sai an share komai.

Ga wata malamar makaranta ta kawo yadi, tana son irin wuyan da ya yi mata bara, ba wani ba. Baba Tela ya yi ta zane a takarda yana yagawa. Daga ƙarshe ya gyara hula, ya zagaya katakon, ya yi doguwar gaisuwa, ya ce ko zai ɗan duba rigunan da ke rataye.

"Duba mana, Yaya," in ji Dogo, yana jawo masa kujera. "Amma don Allah in za ka kwafa, ka ɗan canza hannun, kar a ce iri ɗaya muke yi."

Yanzu kai da ka ji, in aka tambaye ka mai zanen nan, wanne shago za ka nuna?